Kara-Kara Sigari Ke Kama Ƴaƴanmu a Madarunfa

Babu saurayin da ke shan sigari a Madarunfa wanda bai san tana kisa ba. An faɗa masa a lakwal, an faɗa masa a masallaci ranar Juma'a, ya ji a rediyo, ga gargaɗi kuma a jikin kwalin. Tsayar da ɗan kabu-kabu a tasha ka tambaye shi, zai riga ka lissafo tari da ciwon huhu da ciwon zuciya, sannan ya laluba aljihu ya nemi ashana. Shi ya sa ban yarda da masu cewa wayar da kai kaɗai za ta raba mu da wannan annoba ba. An yi wayar da kai, kuma a ci gaba da yi. Amma abin da ke kai karan sigari bakin yaro ɗan shekara 15 a ƙasarmu lissafin aljihu ne, da yunwa, da zaman rashin aiki, da iyakar Najeriya da ke nan kusa da mu. A cikin ƙofofin nan duka akwai wadda ta fi faɗi, kuma ita ce muke iya rufewa da hannunmu ba tare da jiran Yamai ba, wato sayar da sigari kara-kara a kan tebur.

Taba ba baƙuwa ba ce a kwarin Gulbi, ni da nake wannan magana ma ɗan manominta ne. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Katsina a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya rubuta cewa tabar Katsina tana da daraja har can. Mu da Katsina kuwa tushenmu ɗaya, fadamar Gulbin Maraɗi ma ta karɓi taba kamar yadda ƙasar Katsina ta karɓe ta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan dasa ta bayan ruwa ya janye. Mu yara ke ɗebo ruwan ban-ruwa, mu ke karya mata kai don ganye ya yi faɗi. In ta ƙosa a yanka a shanya a inuwa, fatake su zo su saya, wasu su yi arewa da ita wajen Buzaye masu taunawa. Da kuɗinta ake biyan lanho, da kuɗinta ake ɗinka mana kayan salla. Ina tuna yadda kanmu ke juyawa, zuciya na tashi, duk ranar da muka shiga cikin ganyen da sauran raɓa a jikinsa. A wancan lokaci rana muke ɗora wa laifi, alhali nikotin ne ke ratsa fatarmu.

Masu shan waccan taba sanannu ne. Tsofaffi ne da lofensu a inuwar bishiya bayan la'asar, da dattawa masu cusa taba gari da kanwa a ƙasan leɓe, sai mata masu goga fure da goro har haƙora su yi ja, abin ado a lokacin. Kada wani ya ɗauka ina wanke ta. Kanwar da ake haɗa ta da ita tana sa nikotin ya fi saurin shiga jini, tabar taunawa kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na baki. Har gobe akwai iyayenmu mata a Safo da Gabi da ƙauyukan bakin tafkin Madarunfa da ba sa rabuwa da ƙullinta a bakin zane, kuma ba mai lissafa su cikin mashaya tun da ba a ganin hayaƙi. Sai dai waccan taba tana da shinge, shingen kuwa shekaru ne. Ɗaci gare ta, ba mai tallarta, saurayi kuma ba ya kusantarta a gaban ubansa. Malamai ma sun daɗe a kanta: Ahmad Baba na Tumbuktu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, waɗansu suka haramta, ɗariƙar Tijjaniyya ta hana mabiyanta sha, malaman Izala ma suna wa'azi a kanta. Da al'ada da addini suka haɗu, sai taba ta tsaya wajen waɗanda furfura ta fara fito wa. Sigarin kamfani ce ta tsallake wannan shinge.

Yadda ta shigo mana kuwa labari ne na kasuwanci, kuma labarinmu ne mu mutanen Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, wadda ita ce ƙashin bayan arzikin jihar, manyan ƴan kasuwa sun koma fiton kaya. Ana sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a hauro da su Maraɗi da takardar cewa wucewa za su yi, sannan a tsallaka da su Najeriya ta hanyoyin da kowa ya sani. Sigari da atamfa su ne kan gaba a waɗannan kaya. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan harka filla-filla a littafinsa kan Alhazan Maraɗi da ya fito a 1986. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, da ƙananan hanyoyin daji da ke gefenta, a cikin gundumarmu suke. Kayan da ke wucewa ta ƙofar gidanka kullum kuwa ba duka ke wucewa ba. Masu dako sun ɗanɗana, direbobi sun ɗanɗana, yaran mota sun ɗanɗana, kwalin da ya fashe kuma a nan ake karkasa shi.

Yau ruwan ya juya. Kamfanin British American Tobacco yana da babbar masana'anta a Ibadan tun 2003, daga can ake fitar da sigari zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun da darajar naira ta zube a 2023, mai sefa a aljihu in ya shiga kasuwar Jibiya kusan komi arha yake gani. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya, amma ban ga ranar da sigari ta yanke a teburin unguwarmu ba. Katan ɗin sigari ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, ba ya zuba, babur ɗaya na ɗaukar abin da zai wadaci ƙauye. Cikin duk kayan da ɗan fasa-ƙwauri ke ɗauka, da wuya a sami wanda ya kai shi sauƙi.

To ga tebur. Kowace kusurwa a Madarunfa akwai shi, da a tashar Ɗan Isa, da bakin kasuwar Jiratawa. Alawa, biskit, ashana, sukari ƙulli-ƙulli, ganyen shayi, goro, sai buɗaɗɗen kwalin sigari a tsakiya. Mai arhar dala 5 ce kara ɗaya, wato sefa 25. Ku duba da kyau abin da dala 5 ke saye a yau. Ba ta sayen kwanon abinci, ba ta sayen kwalbar lemo, ba ta kai ka ko'ina a kan babur. Cikin ɗan abin da ya rage wanda talaka zai miƙa dala 5 a ba shi ya ji wani sauyi a jikinsa nan take, karan sigari na sahun gaba. Wanda ke shan kara 5 a rana, kuma wannan ba mashayin kirki ba ne a wajen masu sha, yana kashe sefa 125 kullum. A wata sefa 3,750 ke nan, a shekara sefa 45,625. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne a wata, kuma samarin da nake magana a kansu mafi yawansu ba su taɓa riƙe irin wannan albashi ba. Da za a ce wa yaron nan ya kawo jaka 45 a dunƙule a ba shi hayaƙin shekara, zai ce an raina masa hankali. Amma dala biyar-biyar ba ya jin fitarta.

Illar kara-kara ba ta tsaya ga ɓoye tsada ba. Ɗan makaranta ba shi da kuɗin kwali, in ma ya samu ba shi da inda zai ɓoye shi a ɗakin da yake kwana da ƙannensa, uwarsa na wanke masa riga. Kara ɗaya kuwa canjin aike ya ishe shi, ya shanye a bayan katanga, ya tauna alawa ya shigo gida. Gargaɗin da aka buga a jikin kwali yana nan a kan tebur, bai bi shi ba. Mai tebur kuma maƙwabci ne, yana ba da bashi, yana rubutawa a bayan kwali. Haka wanda ya yi niyyar bari. Na san magidanta da ke ajiye sigari duk watan azumi, su wuni ba su sha ba, wasu har dare, su yi rantsuwa sun rabu da ita. Bayan salla sai mutum ya ce bari in ɗauki ɗaya tak. Da kwali ne dole, da ya tsaya ya yi tunani, domin kwali alkawari ne na kara 20. Ɗaya tak ɗin nan ita ke mayar da shi. Nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma wanda ya fara tun yana yaro shi ya fi wahalar bari.

Ga kuma yunwa, wadda ba a cika son ambatonta a taron faɗakarwa ba. Nikotin na danne jin yunwa na ɗan lokaci, kuma talaka ya gano haka tun kafin likita ya rubuta. Masuncin da ke cikin kwale-kwale a tafki da asuba lokacin ɗari, mai ban-ruwa a garka tun kafin rana ta fito, lebura mai buga tubali, ɗan kabu-kabu da ya fito da safe cikinsa ba komi sai ruwan shayi kuma dole ya haɗa kuɗin mai babur kafin ya ci nasa, duk abin da suke faɗa iri ɗaya ne: tana riƙe ciki, tana kore sanyi, tana hana barci. Wani yaro da na koyar a aji, yanzu yana tuƙa babur tsakanin Madarunfa da Maraɗi, ya ce mini, "Mushe, in na ci abinci da rana jaka rabi ta tafi. In na sha kara biyu, dala goma, sai in kai magariba." Na rasa abin da zan ce masa a lokacin, don lissafinsa na yini ɗaya daidai ne. Lissafin shekara 20 ne ba daidai ba, kuma mai neman na tuwon dare ba ya hango shekara 20.

Sai zaman fada. Ba na cikin masu zagin fada. A can samari ke taimakon juna in biki ya zo ko rasuwa, a can ake tara kuɗin jinyar aboki, wasu fadodi har share unguwa suke yi. Amma mu tambayi kanmu dalilin da ya sa saurayi mai ƙarfi zai zauna gaban butar shayi daga hantsi har tsakar dare. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 400 a gundumar Madarunfa, yau kuwa an ƙaru sosai a kan haka, gona kuma ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Filin da kakana ya noma shi kaɗai, jikokinsa sun raba har kowa ya sami abin da bai wuce shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Damina wata uku ce ko huɗu. Fulotin da ke cikin filin noman rani na Jiratawa ba su isa kowa ba. Sauran watannin shekara yaro na zaune, ba gona, ba sana'a, ba kuɗin aure, kuma a gida ana kallonsa kamar wanda ya ƙi nema. A fada ne kaɗai yake da daraja, darajar nan kuwa da kyauta ake riƙe ta. Mu Hausawa mun san girman miƙa goro. Saurayin da ba shi da abin miƙa wa abokinsa sai ya miƙa kara, ko su ja ɗaya su uku. Wanda ya ƙi karɓa sai a ce yana nuna ya fi su. Da yawa ba sha'awa ta sa su fara ba, kunyar mayar da hannun kyauta ce.

Masu tafiya biɗa ma suna dawo mana da ita. Yaro ya bar ƙauye bayan girbi bai san ɗanɗanonta ba, ya yi Kano ko Legas ko Agadas, wani har Libiya ko Aljeriya, ya kwana a tasha da rumfunan kasuwa inda babu kawu babu baffa da zai ji nauyinsa. Ya dawo gab da shuka da sabuwar waya da sabon takalmi da kwali a aljihun gaba, ƙannensa na kallo, a idonsu duka ukun alamar wanda ya ga duniya ne. Ƴaƴan masu hali kuma shisha suka runguma, mai ƙamshin tuffa da na'a-na'a, har da ƴan mata a ɓoye, suna cewa ruwa ya tace dafin. Ruwa sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ga kuma hayaƙin gawayi da ke ƙaruwa a kai. Ƙasar Mali ta haramta shisha a 2022 saboda irin wannan.

Na san abin da wani zai ce, kuma an sha faɗa mini. Mutanen Gabi da Ɗan Isa da ƙauyukan gefen dajin Baban Rafi na kwana da fargabar ƴan bindiga, ana kore shanu, ana ɗaukar mutane don kuɗin fansa, ƴan gudun hijira daga Katsina da Zamfara da Sakkwato na zaune a jiharmu tun 2019, kai kuma kana maganar taba? Ina maganarta ne don ba ta rabu da waɗancan ba. Samarin da ke gadin gari cikin dare da ita suke korar barci. Wanda aka kore wa shanun huɗa, ya zauna bai san ta inda zai faro ba, ita yake ja don zuciya ta lafa. Duk inda tsoro da rashi suka ƙaru, cinikin mai tebur ƙaruwa yake yi. Kuma gidan da ƴan bindiga suka talauta shi ne gidan da ba zai iya ɗaukar asarar sefa 125 a kullum ba.

Wannan asara ba a kan mai sha take faɗawa ba tukuna. A kan tukunya take faɗawa. Duk wanda ya kai shekaru a jihar nan yana tuna 2005, lokacin da sunan Maraɗi ya zagaye duniya saboda yara masu tamowa, kuma har yanzu duk damina gadajen yara a likitar Madarunfa cika suke yi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki a nan saboda haka. Ban ce sigari ce ta kawo tamowa ba. Abin da nake cewa, a gidan da kuɗin cefane bai wuce dala ɗari ba, dala 25 da ke tafiya a hayaƙi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ƙuli-ƙuli ne da bai shiga miya ba, ƙwai ne da yaro bai ci ba, sabulu ne da ba a saya ba. Matar gida ta san wannan lissafi sarai, ita ke ƙulla shi kowace safiya, amma tarbiyya ba ta bar ta ta faɗa ba. Sannan da sanyi a rufe ƙofa da taga, maigida ya kunna a ɗaki ɗaya da jariri, a wayi gari yaro na tari da shessheƙa a ce iska ce.

In ciwon ya zo kan mai shan kansa kuma, a nan ake ganin bambancinmu da ƙasashen da suka ƙirƙiro sigarin. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Tana ƙara haɗarin tarin fuka, wanda dama bai bar mu ba, da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Cibiyar ƙasa ta jinyar ciwon daji a Yamai take, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan. Kafin a kai can an sayar da akuya, an sayar da rago, an jinginar da gona. Da yawa ba sa zuwa ko'ina. Mutum ya rame, ya yi ta tari, a ce sammu ne ko ciwon ajali, a binne shi ba wanda ya rubuta sunan abin da ya kashe shi. Saboda ba a rubutawa, sai mu ɗauka ba ta kashe kowa a garinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na hallaka mutane miliyoyi kowace shekara, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba, su sama da biliyan ɗaya, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, kuma tana kashe har rabin waɗanda ba su bari ba. A Ingila da Faransa da Amurka kasuwar sigari ta ja baya saboda haraji da dokoki masu tsauri. Kamfani kuwa ba ya zama ya kalli cinikinsa na mutuwa. Ƙasa irin Nijar, wadda kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma mafi yawansu ba su fara sha ba tukuna, ita ce kasuwar gobe a idonsa. Yaran da ke zaune gabana a aji su ne wannan kasuwa.

Doka muna da ita. Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma kafa dokarta mai lamba 2006-12 ranar 15 ga Mayun 2006, cikin ƙasashen farko a yankin nan. Dokar ta hana tallar taba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa yara. Ƙungiyar SOS Tabagisme-Niger, ƙarƙashin Inoussa Saouna, ta yi gwagwarmaya a kan haka, kuma ta cancanci yabo. Sashe na 16 na waccan yarjejeniya ya nemi ƙasashe su hana sayar da sigari ɗaiɗai, don ya san ta nan yara ke shiga. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa wannan hani a dokarsu ta 2015, amma ka je Jibiya ko Katsina ka gani, kara-kara ake sayarwa kamar nan. Wannan ya nuna mana cewa takardar da aka sa wa hannu a babban birni ba ta isa teburin ƙauye da ƙafarta. Sai mutanen wurin sun ɗauke ta sun kai.

Na yi wannan magana da mai teburin unguwarmu, dattijo ne, sa'ar mahaifina. Na ce, "Baba, don Allah yaran nan ƴan lakwal, a daina ba su." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ma ba son raina ba ne. Amma alawa ribarta nawa? Sigarin nan ita ke jawo mai sayen ashana da sukari. In na hana shi, ga tebur can gaba, zai je can, ya tafi da cinikin shayin gidansu duka." Gaskiya ya faɗa. Ribar kwali in an karkasa shi ta fi ta kwali a rufe, kuma shi ma iyali yake ciyarwa. Maganarsa ce ma ta nuna mini inda gyaran yake. Mai tebur ɗaya ba zai iya bari shi kaɗai ba. In duk teburan gari suka bari rana ɗaya, ba wanda ya yi asarar mai sayen sukarinsa, domin babu tebur can gaba. Irin wannan yarjejeniya ba sabon abu ba ce gare mu. Garuruwa sun sha haɗuwa gaban mai gari su tsayar da ranar sakin dabbobi bayan girbi, ko su rage tsadar kayan aure, kuma ta zauna, saboda kowa na ganin kowa.

Haraji aikin gwamnati ne, kuma ina goyon bayan a ƙara shi. Bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna in farashi ya hau da kashi 10 cikin 100, sha na raguwa da kimanin kashi 5, kuma matasa da talakawa su ne suka fi saurin janyewa. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda Nijar ke ciki har yanzu, ta ɗaga mafi ƙarancin harajin taba zuwa kashi 50 cikin 100 tun 2017. Amma mu da ke bakin iyaka mun san iyakar wannan magani. In an tsaurara a Yamai aka bar hanyoyin daji a buɗe, ɗan fasa-ƙwauri aka yi wa aiki. Kuma ko kwali ya ninka kuɗinsa, muddin ana ɓare shi, kara ɗaya zai tashi daga dala 5 zuwa dala 10, yaro kuma zai nemo ta. Haraji ba ya cizo da kyau sai an rufe kwalin.

Manoman taba da suka rage a fadama kuwa, ba na son a zo musu da sanda. Na san abin da take yi wa gida, na ci tuwonta. A nuna musu abin da ya fi ta. Zogalen kwarin nan ana lodinsa har Yamai, ga tattasai da tumatir da albasa. A gundumar Migori ta Kenya, tun 2022 ake taimaka wa manoman taba su koma noman wake, da iri da horo da tabbacin mai saye, kuma sun koma. Tabbacin mai saye shi ne gishirin maganar, don abin da ya riƙe mahaifina ga taba shi ne ba ta ruɓewa kuma fatake ba sa fashin zuwa. A ba manomin Safo rijiyar garka da hanyar busar da amfaninsa da kasuwa tsayayya, shi da kansa zai sauya.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin nan shida, Madarunfa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma, da sarakunanmu da masu gari da limamai, shi ne su tara masu tebur gari-gari, a zauna da su cikin mutunci, a tsayar da rana ɗaya da za a daina ɓare kwali, a daina miƙa wa yaro sigari ko da ya ce aike ne, a kuma kawar da ita daga teburan da ke ƙofar makarantu da likitoci. Shugabannin fadodi su shigo cikin zaman, don maganarsu ta fi tamu shiga kunnen samari. Ma'aikatan likita su riƙa tambayar duk wanda ya zo da tari ko yana sha, su tambayi mata ko suna taunawa, su rubuta. Ku kuma iyaye maza ƴan'uwana, in ba ku iya bari yau ba, ku fita waje da ita, kuma kada ku ƙara aiken ɗanku ya sayo muku. Ranar 31 ga Mayu ce ranar yaƙi da taba ta duniya. A wannan karo, maimakon jawabi da riguna, a sanar da ita a matsayin ranar da aka rufe kwali a gundumar Madarunfa.